Ƙaguwar Aji Bakwai

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa kafin in ajiye alli, kuma yawancin abin da ya wuce a cikin ajujuwan nan ya bi iska. Amma akwai mako guda da ya ƙi barin raina, na kuma san ba zan manta da shi ba har ranar da za a kai ni makwancina. A kan ƙaguwa ne. Na san mai karatu zai yi murmushi, ya ce tsohon nan ya rasa abin tunawa sai ƙaguwa. Ni ma da abin dariya ne da na fi kowa murna.

Shekara biyar ke nan da samun 'yancin kai, ina ɗan shekara ashirin da ɗaya, fitowata ke nan daga kwalejin horon malamai, aka tura ni wata makarantar firamare a wani gari da ke kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi. Ni ɗan Gozaki ne, ɗan manomin auduga, kuma ni ne na fara ɗaura agogo a zuriyarmu. Idan na ɗaura agogon nan, na soke alƙalami biyu a aljihun gaba, na hau kekena, ji nake babu abin da Allah Ya halitta wanda ban karanta a littafi ba. Aji bakwai aka ba ni. Don in nuna na zo da sabon ilimi, sai na kafa wani tebur a bayan aji na sa masa suna teburin halittu. Na jera sheƙar tsuntsu, da saɓar maciji, da duwatsu iri-iri, na ce duk yaron da ya ga abin mamaki a daji ya kawo.

A ajin akwai wata yarinya 'yar Ibo. Ubanta yana da shagon kayan keke a bakin tasha, uwarta tana sayar da manja da busasshen kifi a kasuwa. A garin aka haife ta, kuma da yake babu makarantar mishan a kusa, tare da 'ya'yanmu take karatu. Hausar bakinta ta fi tawa daɗi, a lissafi kuwa sau biyu tana gyara mini kuskure a allo, abin da ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. A shekarar gurbi uku aka ba makarantarmu na yaran da za su zauna jarrabawar shiga sakandare. Kowa ya san sunanta ne na farko, kuma ita kanta ba ta da zancen da ya wuce jarrabawar nan.

Ita ce ta kawo ƙaguwar. Da damina ne, ta kamo ta a rafin bayan makaranta, ta zo da ita cikin gwangwani. Da ta juye ta a tebur, ta ɗaga hannayen nan nata biyu masu kama da awartaki, sai rabin aji ya yi waje. Mu mutanen wannan yanki ba ma cin ƙaguwa, ba ma kuma kallonta sau biyu. Idan mun gamu da ita a fadama muna noman shinkafa, da bakin fartanya muke wurgar da ita mu ci gaba da aiki. Na tara yara na sa suka ƙirga ƙafafunta, ban da hannayen biyu. Bakwai muka samu, ta rasa ɗaya a ɓangaren hagu. Muka sa ta a daro da yashi da dutse da ruwan rafi, na naɗa yarinyar mai kula da ita. Kullum ita ke canja ruwa, ita ke kawo mata tana da guntun kifi. Ranar Juma'a kuma ta ɗauki daron a ka ta tafi da shi gida, tunda a kulle aji yake kwana biyu.

Wata Litinin ta shigo da daron tana ta fara'a, tun kafin ta sauke ta ce, "Malam, zo ka gani, ta tuɓe riga."

Na leƙa. Ƙaguwa biyu na gani. Ɗaya tana kwance a kan yashi ba ta motsi. Na ɗauke ta na ji ba nauyi, na ɗaga bayanta ya buɗe kamar murfi, ciki wayam, fes, ko ɗigon nama babu. Amma ga idanu, ga hannaye, ga ƙafafu bakwai cif. Ɗayar kuma ta maƙale a gindin dutse, ta ɗan fi tamu girma, launinta ya koɗe. Na sa yatsa na taɓa bayanta, ya lotsa kamar dafaffen ƙwan da aka ɓare. Na ƙirga ƙafafunta, takwas.

Ban tsaya tambaya ba. A take kaina ya haɗa labari: mutanen nan suna cin ƙaguwa, an kai musu tamu gida ta kwana biyu, sun dafa sun suɗe naman, sun kamo wata mai ciwo sun saka, yarinya kuma ta zo tana raina mini hankali. Yanzu da na tsufa nakan tambayi kaina, wanda ya ci abu a ɓoye, me zai sa ya dawo da ɓawon? A lokacin wannan tambayar ba ta zo mini ba, don ba na son ta zo.

Na ɗaga ɓawon sama yadda kowa zai gani, na ce, "Ƙafa nawa tamu take da ita?"

Aji ya amsa, "Bakwai."

"Wannan ta cikin ruwa fa?"

Wani ya leƙa ya ce takwas. Na juya ga yarinyar na ce, "To, ke da wa kuka cinye mana ƙaguwa?"

Ta ce, "Wallahi Malam ita ce. Saɓa ta yi. Mamana ta ce a bar ta kwana kaɗan za ta yi tauri."

Na ce a duk littattafan da na karanta ban taɓa ganin inda dabba ta fita daga cikin ƙashinta ta bar idanunta a baya ba. Na ce idan a gidansu ba a iya ganin abin da ke motsi a ƙyale shi, to nan makaranta ce ba tukunyar miya ba. Aji ya fashe da dariya, ni kuma dariyar ta yi mini daɗi. Na yi mata bulala shida a tafin hannu saboda ƙarya. Ba ta yi kuka ba. Kafin a tashi tara, yara sun laƙa mata suna Maci-ƙaguwa, suna bin ta suna tafiya a karkace.

Na kai maganar gun hedimasta, wani dattijo mai sanyin hali da ya kusa barin aiki, ba ya son hayaniya. Ya ce abin da nauyi, domin takardar jarrabawar tana da gurbin shaidar halin yaro, kuma shi ba zai sa hannu a kan wanda aka kama da ɗaukar kayan makaranta da ƙarya ba. Ranar Juma'a ne masinja zai kai sunayen ofishin ilimi a Malumfashi.

Washegari da safe sai ga uwar yarinyar. Ta bar rumfarta ta zo, hannunta duk jan manja. Ta gaishe da hedimasta, ta gaishe ni cikin ladabi kamar ba ni na daki 'yarta ba, ta ce a nuna mata daron. Ta durƙusa ta daɗe tana kallo.

"Malam," ta ce, "garinmu bakin ruwa ne. Tun ina ƙarama nake kama wannan abu. Rigarta ba ta girma da ita. In ta matse ta, sai ta yi sabuwa a ciki, ta sha ruwa ta kumbura, tsohuwar ta tsage ta baya, ta zare jikinta. Ba ga ta maciji can a teburinka ba?"

Na ce ta maciji fata ce, wannan kuwa ƙashi ne. Na ce ta bar wannan, ta gaya mini inda ƙafa ta takwas ta fito.

Ta nuna da ɗan yatsa. "Duba ta hagu, ta uku. Ba ka ga ta fi sauran ƙanƙanta ba? In ta rasa ƙafa, a sabuwar riga take fito da wata."

Na duba. Ƙafar siririya ce, gajera, daidai inda tamu ta rasa tata. Amma na sha mur na ce wannan ba hujja ba ce.

Ta juya ga hedimasta. "Baba, ba sai an yi musu ba. In mai ciwo ce, za ta mutu. In saɓa ce, za ta yi tauri. A mayar mata da tsohuwar rigar cikin ruwa, ci za ta yi, da ita take ƙarfafa sabuwar. A zuba mata ruwan rafi, kada a sa na sama, ba shi da abin da take so. In da ɓawon ƙwai a daka a zuba. Kuma a daina taɓa ta, yanzu ko kaza tana iya kashe ta."

Hedimasta ya ce magana ta yi. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne mai aji. Ka riƙa dubawa. Ranar Juma'a da safe ka gaya mini ko ta yi tauri ko ba ta yi ba, a kan abin da ka faɗa zan rubuta suna." Allah Ya jiƙansa, ya ɗauka duk wanda ya yi kwaleji ba zai ci amana ba, ya sa ni alƙali a shari'ar da ni ne mai ƙara.

Shekaru bayan haka, a wani kwas da aka tura mu Zariya, na ji bayanin abin daga bakin malamin kimiyya, kuma babu inda ya saɓa wa matar nan. Sabon ɓawon ƙaguwa da fari fata ce kawai mai laushi. Abin da ke mayar da shi kamar dutse wani sinadari ne, irin wanda ke cikin ƙashi da ɓawon ƙwai da farar ƙasa. Kafin ta yi saɓa takan janye kaɗan daga tsohon ɓawon ta adana a jikinta, sauran kuma ta samo daga ruwan da take ciki da abin da ta ci, har da tsohon ɓawon kansa. Sinadarin yana shiga fatar a hankali, hawa-hawa. Baki da tsinin hannaye ne ke fara ƙarfi don ta samu ta ci abinci, gadon baya yakan ɗauki kwanaki. Ruwan sama kuwa kusan babu sinadarin a cikinsa. Abokan kwas suna ta rubutu, ni na kasa ɗaga alƙalami, don duk wannan na riga na gani da idona a mako guda.

Ranar Laraba na riga kowa shiga aji. Na taɓa bayanta, ya daina lotsawa kamar jiya, ya koma kamar takarda mai kauri. Tsinin hannayenta ya yi duhu, na goga farce na ji ƙarfi. Ranar Alhamis na tarar da ita ta riƙe tsohon ɓawon tana gutsura, ta riga ta cinye ƙafafu uku. Na tsaya a kanta ni kaɗai a cikin aji, na san yarinyar nan gaskiya ta faɗa. Ba zato ba, sani.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in taka ofishin hedimasta, taku ashirin ne, in ce na yi kuskure. Amma sai na tuno dariyar da aji ya yi, na tuno yadda na ɗaga ɓawo sama ina cika baki da littattafai. Na ga kaina tsaye gaban yara talatin ina cewa mai sayar da manja ta fi malaminsu sani. Na ji ba zan iya ba. Wannan wurin ne ya fi yi mini wuyar rubutawa. Na tsame sauran ɓawon na jefa a bayan taga cikin ciyawa. Na zubar da ruwan rafin da yarinyar ta ɗebo, na cika daron daga gangar da ke tare ruwan indararo. Da ta shigo ta tambayi ɓawon, na ce mata wataƙila ɓera ya ja.

Ranar Juma'a da safe na sake taɓawa. Gefe-gefen ya yi ƙarfi sosai. Na bi da yatsa ina nema, har na samu tsakiyar baya, na danna da ƙarfi, ya ɗan lotsa. Shi nake nema. Na tafi ofis, hedimasta yana zaune da takardar a gabansa, masinja yana jira da keke a waje.

"Yaya, Malam?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, har yanzu da laushi."

Ko a gaban alƙali aka kai wannan magana ba za a ce na yi ƙarya ba, da laushin. Na zaɓi kalmomin ne yadda zan iya rantsuwa a kansu. Hedimasta ya girgiza kai, ya ce kaico, yarinya mai ƙoƙari. Ya ja layi a kan sunanta, ya rubuta na yaron da ke bi mata. Ina tsaye masinja ya naɗe takardar ya hau keke.

Aka gaya wa yarinyar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta daina kula da ƙaguwar ba. Da rana ta ɗauki daron ta tafi da shi gida yadda ta saba, ni kuma ban iya hana ta ba. Litinin ta dawo da shi da ruwan rafi, da farin garin ɓawon ƙwai a kan yashi. Kafin wata Juma'ar ƙaguwa ta yi baƙi-baƙi tana sheƙi, tana zagaya daro tana ɗaga hannu. Wani yaro mai ƙiriniya ya ƙwanƙwasa bayanta da fensir, aji duka ya ji ƙwas-ƙwas. Ta cafke fensirin ta ƙi saki. Yaron ya ce, "Malam, ai ta yi tauri." Yara talatin suka zuba mini ido, ita kaɗai ce ta sunkuyar da kai tana kallon littafinta. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Na je na gaya wa hedimasta cewa ƙaguwar ta yi tauri. Ban gaya masa zancen ɓawo da ruwan indararo ba. Ya dube ni ya daɗe, ya ce in ɗauki keke in tafi Malumfashi yanzu. Na taka mil goma sha wani abu cikin taɓo, na isa ofishin ilimi jiƙe da gumi. Akawun ya saurare ni, ya ce sunaye sun wuce gaba tun ranar Talata, babu mai iya dawo da su. Ya ce ai yarinya ce, ta sake aji bakwai, baɗi ta zauna.

Da na dawo na bi ta kasuwa. Uwar ta gan ni, ta share mini benci, ta aika a kawo mini ruwa. Na yi ta kame-kame, ina cewa kwanakin ne suka yi kaɗan, da an ba mu mako biyu da ba haka ba. Ta bar ni na gama, tana gyara jerin kifinta.

"Malam," ta ce, "kullum kana taɓa ta, ko?"

Na ce e.

"To, yatsanka ya sani."

Ta ci gaba da jera kifinta. Na sha ruwan da ƙyar na tashi.

Sati na gaba na koyar da darasi a kan yadda ƙaguwa ke canja ɓawo. Na zana a allo, na bayyana shan ruwa da kumbura, da cin tsohon ɓawo, da ƙafar da ke sake fitowa, duk da kalmomin uwarta, kamar daga kaina suka fito. Yarinyar tana zaune a layin gaba tana kwafa cikin kyakkyawan rubutunta. Ban ce wa aji ita ce mai gaskiya ba. Ban hana su kiran sunan da suka laƙa mata ba, shi da kansa ya gaji ya mutu. Ban ba ta haƙuri ba. Na gaya wa zuciyata cewa baɗi, ranar da zan rubuta sunanta a saman takarda da hannuna, ranar zan kira ta in faɗa mata komai. Na ga kamar haƙurin zai fi kyau in ya zo tare da gyara.

Ta sake aji bakwai, ta ci gaba da zuwa ta ɗaya. Amma shekarar da ta biyo baya ita ce shekarar da ƙasa ta rikice, wadda duk wanda ya rayu a lokacin ba ya son tunawa. Kafin a kai ga rubuta sunaye, wata safiya na zo na tarar da wurin zamanta babu kowa. Aka ce jiya uban ya kulle shago, sun shiga mota zuwa Funtua, daga can sai jirgin ƙasa. Na hau keke na je bakin tasha, na tsaya gaban shagon kamar wanda zai sayi wani abu. Ban san sunan garinsu ba. Shekara biyu tana gabana ban taɓa tambaya ba.

Har yau ban san ko ta isa gida ba, ko ta tsira daga yaƙin da ya biyo baya, ko ta taɓa zama wata jarrabawa a rayuwarta. Abin da na sani shi ne dama guda ta samu a hannunmu, ni na karɓe ta.

Na daɗe ina auna abin. Kuskuren ranar Litinin na jahilci ne da raina mutane, kuma ko shi ya isa abin kunya. Amma na ranar Juma'a ba kuskure ba ne, na san gaskiya na ɓoye ta a bayan magana mai kama da gaskiya, don kada yara su yi mini dariya ta minti biyar. Tun daga lokacin na koyi cewa idan ka gane ka zalunci mutum, a ranar za ka je ka same shi, a gaban waɗanda ka kunyata shi a gabansu, ko da muryarka tana rawa. Kada ka jira ranar da haƙurin zai yi maka sauƙi. Ni na jira, ga shi na tsufa da nawa a baki, babu wadda zan ba.